ZAWO DA TAMOWA: INA IYAYE MAZA SUKE?

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar wa matasa a garin Karaye da ke ƙaramar hukumar Maiyama a jihar Kebbi. 'Yan'uwa daga Jega da Aliero su ma sun halarta. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, in ban da ɗan abin da muka rage saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (S), 'yan'uwa, lokacin da aka ce in zo in yi magana a kan cikin jarirai da abincinsu, wani ya ce mani, "Malam, ai wannan zancen mata ne, ka bari sai ranar taronsu mana." Na ce a'a, ku ɗin nake nema. Kuɗin cefane a aljihun wa yake? Izinin fita zuwa asibiti a bakin wa yake? Babur ɗin da za a ɗauki yaro a kai shi Maiyama da tsakar dare, wa ke riƙe da makullinsa? To kun gani. Da yawanku ba ku yi aure ba, wasu kuma kuna da ɗa ɗaya ko biyu. Wanda bai haifa ba yana da ƙane, ko ɗan wansa, ko ɗan maƙwabci da yake ɗauka a wuya. Saboda haka babu wanda maganar ta tsallake.

Bari in fara da lissafi don mu san inda muke. A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da babban binciken lafiyar iyali a duk jihohin ƙasar nan. A ƙasa baki ɗaya, yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar aka samu sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A jihar Kebbi 66 ne cikin 100. A lokacin babu jihar da ta kai mu. Sannan a ƙiyasin wannan binciken, cikin yara 1,000 da aka haifa a Kebbi, 252 ba su kai shekara biyar a duniya ba, alhali na ƙasa gaba ɗaya 132 ne. Nan ma a lokacin mu ne a sama. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ku dubi sahun da kuke zaune, ku ƙirga mutum huɗu, ku cire ɗaya. Kuma wannan jihar ce ta shinkafa, jihar albasar Aliero da ake lodi har ƙasashen waje, jihar kifin Argungu da Yauri. Wannan abin ya daɗe yana damuna, shi ya sa ban ƙi gayyatar nan ba.

To mene ne yake faruwa a cikin yaro? Duk wanda ya taɓa wanke kayan ciki ranar layya ya san tumbi, ya san wannan ɓangaren da muke ce wa tawul. Hanjin ɗan Adam ma ba sumul yake kamar cikin tiyo ba. Yana da 'yan tsirarrakin nan a jikinsa, sai dai sun fi na tumbi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma su ne suke tsotse amfanin abinci su shigar da shi jini. Abin da yaro ya haɗiye bai zama nasa ba sai waɗannan sun tsotse shi. Duk lokacin da ya yi zawo, sai su goge su kwanta, kamar tsohon tawul da ya sha wanki. In an ba shi abinci mai kyau, suna sake tsirowa. In kuwa wani zawon ya sake zuwa kafin su farfaɗo, to abincin wucewa kawai yake yi. Yaro ya rame, ƙarfin jikinsa na yaƙar cuta ya ragu, zawo ya sake samun hanya, ya ƙara ramewa. Zawo yana haifar da tamowa, tamowa tana gayyato zawo. Duk abin da zan faɗa yau a kan wannan zagayen yake.

Mu fara daga ranar haihuwa. Ruwan nonon farko, wannan mai kauri mai ɗan rawaya, wanda muke kira dakashi, a gidaje da yawa har yanzu ana matse shi a zubar. Ana cewa wai gurɓatacce ne, sai an wanke nono. A kwana biyu ko uku da ake jira, sai a riƙa ɗura wa jariri ruwa, ko madarar shanu, ko jiƙe-jiƙe. 'Yan'uwa, ku tambayi kowane Bafulatani ko yana hana ɗan maraƙi dakashin uwarsa. Ya san in ya hana shi, da wuya ya yi ƙwari. Wannan dakashin cike yake da garkuwar da jikin uwa ya haɗa, yana shafe bangon hanjin jariri ya tare ƙwayoyin cuta, kuma yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. Ana cewa ai kaɗan ne, ba zai ƙosar da shi ba. Cikin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki cokali ɗaya ko biyu na shayi a lokaci guda ba. Wanda ya halicci cikin shi ya auna nonon. Abin da ake so shi ne a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa, domin tsotsonsa shi ke kiran ruwan nono ya zo.

Sai maganar ruwa, kuma a nan ne ake yawan yi mani gardama. Shawarar masana lafiya ita ce wata shida nono zalla, ko ruwa ba a haɗawa. Sai mutum ya ce, "Haba Malam, a zafin Kebbi? A watan huɗu, da babba ma yake neman suma?" Na san zafin, a nan aka haife ni. Amma nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. In zafi ya yi, jariri yakan yawaita neman nono, a ba shi, uwar kuma ita ta sha ruwan. Cokalin ruwan da ka ba shi ɓarna biyu yake yi. Ya cike gurbin nono a wannan ɗan ƙaramin cikin, sannan ya shigo da duk abin da ke cikin rijiyar, da randar, da moɗar, da hannun da ya ɗebo. A binciken 2018 ɗin nan, jarirai 29 ne kacal cikin 100 'yan ƙasa da wata shida ake ba nono zalla a Nijeriya. Zuma ma, duk da albarkarta, ba a ba yaron da bai shekara ba, don takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin babba yake iya murƙushewa amma na jariri ba ya iyawa.

Na san wanda ke ba da umurnin ruwan nan a gida sau da yawa ba matarka ba ce, mahaifiyarka ce ko gwaggonka. Kada wani ya tashi daga nan ya je ya ɗaga wa tsohuwarsa murya ya ce ni na aike shi. Ka zauna da ita, ka yi mata bayani da ladabi, in ya yiwu ka tafi da ita awo ta ji da kunnenta. Amarya ba za ta iya musu da surukarta ba. Kai ne za ka iya shiga tsakani.

Kuma kun fi ni sanin ayar nan ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu na shayarwa, kuma a nan take ta ɗora ciyar da mai shayarwar a wuyan uban yaro. Ana yawan tuna wa mata rabin farko. Ni rabi na biyu nake tuna muku. Ana yanka rago ranar suna, a yi kwana arba'in ana kunun kanwa da ɗan nama, daga nan shi ke nan, mai jego ta koma tuwo da miyar kuka tsura, alhali saura wata ashirin da wani abu tana shayarwa.

Yanzu mu zo kan zawon kansa. Abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. Alamominsa a fili suke. Idanu su zurma, baki ya bushe, ya yi kuka babu hawaye, fitsari ya ragu, in ka ja fatar cikinsa ka saki sai ta daɗe ba ta koma ba, maɗiga kuma ta faɗa. Wannan faɗawar maɗigar mutanenmu suna ɗaukarta wata cuta ce daban, sai a kwaɓa magani a liƙa a kai. Maɗiga ta faɗa ne don ruwa ya ƙare a jiki, kamar yadda salka take motsewa in babu ruwa. Ta baki za a gyara ta.

Na taɓa karɓar wani yaro ɗan wata tara da aka kawo bayan sallar isha'i. Kwana uku yana zawo. Uban saurayi ne kamarku, kuma ba a ce bai damu ba, don ya je wani kemis har sau biyu, ya zo da leda cike da kwalabe, ga na tsayar da zawo, ga kafso, ga na haƙori. An daina ba yaron nono wai don cikinsa ya huta. Da muka lissafa kuɗin ledar, ya ninka kuɗin abin da yaron yake bukata sau da yawa. Muka yi ta neman jijiya a hannunsa, jijiyoyin sun shafe. Allah Ya taimaka aka samu, ya tashi. Amma na ga waɗanda aka kawo a irin wannan hali ba su kwana ba. Har yau ina tuna yadda uban ya tsaya riƙe da ledar nan yana cewa, "To ni me ban yi ba?"

Abin da bai yi ba shi ne ruwan gishiri da sukari, wanda ake kira ORS. Kada arharsa ta sa ku raina shi. A jikin hanji akwai wata ƙofa da gishiri ba ya shiga sai tare da sukari, in suka shiga tare kuma sai ruwa ya bi su. Ko zawo ya yi tsanani, wannan ƙofar tana nan tana aiki. Masana sun gano haka tun wajen 1960. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka haɗa gishiri da sukari a durom, 'yan'uwan marasa lafiya suka riƙa ba su da kofi. Mutuwa ta sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A nan ƙasar, manyanmu suna tuna zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, lokacin da ake ta koyar da haɗin a rediyo da ɗakunan shan magani. A wajen 1980 zawo yana kashe yara sama da miliyan 4 a duniya kowace shekara. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 sun nuna ya sauko zuwa wajen 444,000. Abin takaici, ƙasarmu na cikin waɗanda suka fi ba da kaso a wannan ragowar.

Ga yadda ake yi, kuma ina roƙon ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Wanda ya fi shi ne na ƙunshi da ake samu a asibiti da kemis. Ka duba jikinsa, akwai na lita ɗaya, akwai na rabin lita. Ledar fiya wata biyu ita ce lita ɗaya. In babu na ƙunshi, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, ba a tule ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ka ɗanɗana. In ya fi hawaye gishiri, zubar ka sake, domin gishiri in ya yi yawa shi ma illa ne. Yaron da bai kai shekara biyu ba, bayan kowane zawo a ba shi kwata zuwa rabin kofi, da cokali, kaɗan-kaɗan. Wanda ya wuce shekara biyu, rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Tun 2004 kuma aka ƙara da ƙwayar zinki. Yaro ɗan wata shida zuwa sama ƙwaya ɗaya mai awo 20 kullum, wanda bai kai ba rabinta, a narka a cokalin nono ko ruwa, har kwana 10 zuwa 14. Zinki yana gaggauta gyaran bangon hanji, kuma yana rage dawowar zawon a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Kuskuren da ake yi, da zawo ya tsaya a kwana na uku sai a ajiye. A cika kwanakin. Nono kuma ba a tsayar da shi, ƙarawa ma ake yi. Wanda ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi, in ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, ya mayar da abin da ya zuba.

Maganin tsayar da zawo irin na manya ba a ba ƙananan yara. Yana ɗaure hanji ne, cutar tana ciki, ciki ya kumbura. Kafso da Flagyl da ake saye barkatai ba sa taɓa mafi yawan zawon ruwa na yara, domin ƙwayar da ke kawo shi ba irin wadda suke kashewa ba ce. Amma akwai inda zama a gida ya ƙare. In akwai jini a kashin, wato atini. In yaro ya kasa shan komai ko duk abin da ya sha sai ya dawo. In ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, ko zazzaɓi ya haɗu da zawon, ko zawon ya kai mako biyu. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, ba a jira da shi ko kaɗan. A nan ba a cewa sai gari ya waye, kuma ba a cewa sai Maigida ya dawo daga kasuwar Jega. Ku bar wa matanku izini tun yau, ku ce duk ranar da kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki fita ko ba na nan. Ku bar musu kuɗin mota a wani wuri da suka sani.

Sai "zawon haƙori". Wannan kalmar ta binne yara da yawa, domin da zarar an ce na haƙori ne sai hankali ya kwanta. Haƙori ba ya sa zawo. Abin da ya sa suke haɗuwa shi ne, a wajen wata shida haƙori yake fitowa, a lokacin ne yaro yake fara jan ciki, dasashi yana masa ƙaiƙayi, duk abin da ya samu a ƙasa sai baki, a lokacin ne kuma aka fara ba shi kunu. Ku tuna abin da ya faru daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya shiga cikinsa, ya lalata ƙodar yara, aka ƙirga 84 da suka mutu a ƙasar nan. Yaran da iyayensu suka sayo musu magani don ciwon da bai bukaci magani ba.

Tsakar gidan da yaro ke rarrafe ita ce kwanon cin abincinsa na biyu. Kashin kaji, kashin awaki, da kashin yara da ake ganin ba ƙazanta ba ne, alhali ya fi na babba ɗaukar cuta. Share gida, killace dabbobi, gina masai, sayen sabulu a ajiye kusa da buta, waɗannan duk aikin namiji ne ko kuɗinsa. Ga kuma rigakafi. Tun watan Agustan 2022 aka sa rigakafin rota a jerin na yara a ƙasar nan, wato ƙwayar da ta fi kawo mummunan zawo ga jarirai. Ɗigo ne a baki, a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta. Na ƙyanda kuma a wata 9 da wata 15. Duk wanda ya ga yadda ƙyanda ke barin yaro da zawo da rama ba zai yi wasa da shi ba.

To, an kai wata shida, nono kaɗai ya daina isa. Me muke ba yaro? Koko. Koko tsararo, wanda in ka karkata cokali sai ya zube kamar ruwa. Cikin ɗan wata takwas bai fi kofi guda ba. In ka cika kofin nan da ruwan gero, ciki ya cika, yaro ya yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali jiki bai samu abin gini ba. Kunun yaro ana so ya yi kaurin da zai zauna a cokali, a sa masa ɗan mai ko ƙulin gyaɗa. Daga wata 6 zuwa 8 sau biyu zuwa uku a rana, daga wata 9 zuwa shekara biyu sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ga nono yana tafiya. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, a zauna a ba shi. In ka haɗa ɗan shekara ɗaya da yayyensa a kwano guda, kafin ya kai loma biyu sun suɗe.

Abubuwan ginin jikin nan muna da su. Wake, gyaɗa, waken suya, garin busasshen kifi, zogale, kabewa, manja, gwanda, mangwaro a lokacinsa, hanta in an samu. Ga ƙwai. An ce wai in yaro ya ci ƙwai zai yi sata. Ni dai ɓarayin da na sani ban ji an ce ƙwai ne ya lalata su ba. Kazar gidan ta yi ƙwai, an kai wa mai shayi, uban yaron ya je da daddare ya ce a soya masa uku da indomi. Ku yi dariya, amma kun san da wa nake.

Akwai haɗin da ake kira Tom Brown, wanda ma'aikatan ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, wato MSF, suka riƙa koyarwa a ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama a 2023 da 2024. Awonsa shida, uku, ɗaya. Gwangwani shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A jiƙa waken suya a cire ɓawon, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a haɗa a niƙa, a adana a mazubi mai murfi. Kullum a ɗebi kaɗan a dama. Sai dai a tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a jefar, don tana ɗauke da dafin da ke taɓa hanta. Babu abu ɗaya a cikin haɗin nan da ba a nomawa ko sayarwa a yankin nan. Wanda ya noma gyaɗa da wake ya sayar duka a kaka, ya dawo yana saye da tsada a watan bakwai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓi da zawo suka yi yawa, shi ya san abin da ya yi wa gidansa. Ku ware na yara tun a gona.

Yaye ma akwai gyara. A tashi rana ɗaya a shafa wa nono maɗaci, a ɗauki yaro a kai gidan kaka a wani gari, ya rasa nono ya rasa uwa a yini guda, ya ƙi cin abinci, zawo ya biyo baya. Mafi muni in an yi kwanika, sai a cire shi a gigice wai nonon ya zama guba. Nonon mai ciki ba ya zama guba. Matuƙar cikin lafiya yake, tana iya ci gaba, a ƙara mata abinci, a janye yaron a hankali bayan ya saba da cin wani abu. Sunan da likitocin duniya ke kiran tamowa mai kumburi, kwashiyoko, daga harshen Ga na ƙasar Gana ya fito. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da shi rubutun likitanci a 1935, kuma ma'anarsa ciwon da yaro ke samu in ƙanensa ya ture shi daga nono. Tazarar da za ta hana wannan turewar kuwa, kun san ba mace kaɗai ke yanke ta ba.

In tamowar ta riga ta shiga fa? Iri biyu ce. Akwai mai busarwa, yaro ya koma kamar ɗan tsoho, fatar ɗuwawu ta yi yaushi. Akwai mai kumburi, wadda take ruɗar mutane su ce ƙiba ce, ko iska, ko sammu. Ka danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ka ƙirga uku. In ka ɗaga ramin ya zauna a duka biyun, asibiti a ranar. Akwai kuma ɗan tef ɗin awon dantse mai launi uku, na yara daga wata shida zuwa shekara biyar. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 rawaya. Sama da haka kore. Koyonsa bai kai minti biyar ba, kuma ban ga abin da zai hana kowace unguwa a Karaye ta samu samari biyu da suka iya shi ba. Yaron da ke kan ja, hatsarin mutuwarsa ya kai wajen ninki 11 na lafiyayye. Kuma tamowa ce ke share wa ciwon noma hanya, mai cinye kumatu da leɓe, wanda saboda shi aka buɗe asibiti sukutum a Sakkwato a 1999.

A 2022 MSF ta buɗe sashen kwantar da yara masu tamowa a babban asibitin Maiyama, da wuraren karɓar magani a tafi gida a kewaye. Wannan abin na leda mai kama da tunkuza, gyaɗa ce da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a yunwar Nijar ta 2005, musamman a Maraɗi, aka ga aikinsa a kan dubban yara. Leda ɗaya giram 92 ce, an kuma ƙirga wa kowane yaro adadinsa gwargwadon nauyinsa. In aka raba da yayyensa, ko Maigida ya shafa a burodi, ko aka kai kasuwa, to an ɗebe daga maganin mara lafiya ne. Wanda ya saya a tebur don daɗi, shi ma ya san daga bakin wa aka ƙwato shi.

Kada kuma mu jingina da cewa masu kawowa za su dawwama. A 2025 Amurka da wasu ƙasashe sun zaftare tallafin da suke bayarwa, kuma a watan Yulin shekarar MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farko. Da yawansu an kawo su ne a makare. In an ce a kwantar da yaro, ana iya yin mako guda ko fiye, uwar tana can, sauran yaran suna gida, ga damina ga aikin gona. A nan ne maza da yawa suke cewa a sallamo ta. Kafin a kai ga haka, ka tsara wanda zai riƙe gidan, ko ƙanwarka ko kai kanka, ka kuma riƙa leƙawa asibitin kana kai mata abinci.

Na ga lokaci ya tafi, ana yi mani alama. Na zo da tef ɗin awon dantse guda goma da ƙunshin ORS. Waɗanda ke da yara 'yan ƙasa da shekara biyu a gida su fara matsowa, a kawo mana ledar ruwa biyu da ƙaramin cokali, kowa ya haɗa da hannunsa in gani.